Tambaya da Amsa: Mece ce Ma'anar Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana soja ne, ya rasu a bakin daga a jihar Borno, ya bar mata da ƙananan yara a hannunmu. Duk ranar 15 ga Janairu muna ganin shugabanni a talabijin suna ajiye furanni suna sakin tantabaru, sai mahaifiyarmu ta tashi ta shige ɗaki. Wani dattijo a unguwarmu ya ce an zaɓi ranar ce domin a cikinta aka kashe Sardauna. Shin haka ne? Kuma mene ne amfanin ranar ga irinmu? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ba mahaifiyarku da iyalansa haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari.

Maganar dattijon tana da tushe, amma ba ita ce dalilin zaɓen ranar ba. Gaskiya ne cewa a ranar 15 ga Janairun 1966 aka yi juyin mulkin farko a Najeriya, wanda a cikinsa aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a gidansa da ke Kaduna, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Sai dai abin da hukuma ta dogara da shi ya faru ne shekara huɗu bayan haka, wato 15 ga Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong, wanda jagoran 'yan aware Ojukwu ya bar wa ragamar Biyafara, ya je barikin Dodan da ke Legas ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon. A nan ne yaƙin basasar da aka fara a watan Yulin 1967 ya zo ƙarshe bayan wata talatin ana zubar da jini, kuma a nan ne Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka yi nasara a kansa. Haɗuwar waɗannan al'amura biyu a rana guda ita ce ta sa dattawan Arewa da yawa, idan ranar ta zagayo, zukatansu kan fara komawa ga 1966, kuma ban ga laifinsu ba, domin daga wancan daren ne rikicin da ya haifi yaƙin ya samo asali.

Kafin wannan lokaci, Najeriya tana yin bikin ne a ranar 11 ga Nuwamba kamar yadda Birtaniya da sauran ƙasashen da ta rena suke yi, domin a wannan rana ta 1918 aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mayar da shi Janairu yana nufin ƙasar ta zaɓi ta auna sadaukarwar sojojinta da abin da ya faru a cikin gidanta, ba tare da ta cire waɗanda suka riga su daga lissafi ba.

Waɗannan na farko sun cancanci a daɗe a kansu, domin yawancin matasanmu ba su san labarinsu ba. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko. A na biyu kuma sun fafata da Italiyawa a Somaliya da Habasha, sannan aka kwashe dubbansu a jiragen ruwa zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau a nahiyar Asiya, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka yaƙi Japanawa a cikin kurmi da laka da zazzaɓi. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan talakawan Arewa ne da aka ɗauko daga ƙauyuka, har ma Hausa ta zama harshen da ake magana da shi a bariki. Ke da kike Zariya kin san barikin Chindit, to sunan ya fito ne daga wata runduna ta musamman da ta yi yaƙi a Bama. Haka barikin Kalapanzin da ke Kaduna, sunan wani kogi ne a can, shi kuwa barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa daga wani gari a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya tun daga 1960. Bayansu akwai waɗanda suka kwanta dama a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga 1990, da na Darfur, sai kuma jerin da bai rufe ba har yau, na yaƙi da Boko Haram tun 2009, wanda ya ci irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016. Yayanki yana cikin wannan jeri, kuma ranar tasa ce kamar yadda take ta kowane janar.

Abubuwan da kike gani a talabijin kowannensu yana da manufa. Kabarin sojan da ba a san sunansa ba, wanda shugaban ƙasa yake ajiye furanni a gabansa a Abuja, yana wakiltar duk wanda ya faɗi ba a samu gawarsa ba, ko aka binne shi ba a gane shi ba. Busa begila da yin shiru na minti guda bankwana ne irin na soja, sakin fararen tantabaru kuma fata ne na zaman lafiya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da waɗannan al'adu da aka gada daga Turawa ba yana da abin da ya fi kusa da shi, domin kafin ranar ana yin addu'o'i na musamman a masallatan Juma'a da majami'u, kuma babu abin da mamaci yake buƙata daga danginsa kamar addu'a da sadaka.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. A fahimtata, wannan rana iƙirari ne da ƙasa take yi a bainar jama'a cewa akwai bashi a kanta, bashin ran da aka bayar domin wasu su kwana lafiya a gidajensu. Wanda ya amsa bashi a gaban shaidu ya ba masu haƙƙi damar su tambaye shi, saboda haka matar yayanki da 'ya'yansa ba roƙo suke yi ba idan suka nemi abin da doka ta tanadar musu. Alamar da shugaban ƙasa da gwamnoni suke ƙaddamarwa makonni kafin ranar, wadda ake maƙalawa a ƙirji, ana sayar da ita ne domin tara kuɗin tallafa wa tsofaffin sojoji da zawarawa da marayu ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa. Mun kuma ga yadda a watan Maris na 2024, wajen jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta, gwamnati ta yi wa iyalansu alƙawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun yaransu. Abin da nake so in gani shi ne irin wannan kulawa ta zama ƙa'ida ga iyalin kowane kurtu, ko da mutuwarsa ba ta shiga labarai ba.

Shawarata ita ce ku tattara takardunsa wuri guda, musamman lambarsa ta aiki, da takardar sanar da rasuwa, da sunan wanda ya rubuta a matsayin magajinsa, ku je rundunar da ya yi aiki a ƙarƙashinta ku nemi bayani a rubuce kan haƙƙoƙin mamaci, da kuɗin inshorar rai, da tsarin ɗaukar nauyin karatun marayun sojoji. Ku kuma yi rajista da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na jihar Kaduna, domin ta nan ake sanin iyalan da za a kira idan tallafi ya zo. Ita kuwa mahaifiyarku, kada ku matsa mata ta zauna kallon bikin. Ku bar ta ta yi wa ɗanta addu'a yadda ta fi samun sauƙi, ku isar mata da ta'aziyyata.