Tambaya da Amsa: In ba dillali samfuran ruwana ya auno mini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Farfesa. Ina karatun digiri na biyu a kimiyyar sinadarai a nan Katsina, kuma ina binciken dalma a ruwan rijiyoyi. Na'urar sashenmu ta daɗe da lalacewa, lokaci kuma yana neman ƙure mini. Wani ya ce in ba shi samfuran da kuɗi, zai kawo mini sakamako cikin kwana uku. In ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki ba shi ko kwalba ɗaya.

Lalacewar na'urar sashenku ba ta rufe miki hanya ba, domin manyan na'urorin da aka saya da kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ko na gwamnati dukiyar jama'a ce, ko da wani shugaban sashe ya riƙe makullin kamar gadon gidansu. Takarda daga malamin da ke duba aikinki za ta iya buɗe miki ɗakin gwaji a wata jami'ar. Akwai cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta SHESTCO a Sheda ta Abuja, akwai kuma cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mai injin nukiliya na bincike tun 2004, sai dai awon niyutron da ake yi da shi bai dace da dalma ba, saboda haka ki tambayi irin na'urar da suke da ita kafin ki hau mota.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibai suka ɗauka cewa duk jadawalin lambobi da aka buga a takarda mai tambari sakamako ne. Wasu daga cikin dillalan nan ko murfin kwalbar ba sa buɗewa. Kundin wani suke ɗaukowa su ɗan jirkita lambobin. Waɗanda suke aunawa kuwa, galibi na'urar awon ƙarafa ta AAS, irin mai harshen wuta, suke amfani da ita, alhali iyakar dalmar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, adadin da wannan na'ura ba ta iya tantancewa yadda za a amince. Sai su rubuta “ba a samu ba”, ke kuma ki rubuta cewa rijiyar lafiya lau take, mai unguwa ya ji, mata su ci gaba da ɗiban ruwan suna dama wa yara koko. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ga ta nan maƙwabciyarmu, amma har yanzu ana cinikin lambobi a bakin ƙofar jami'a.

Ki nemi wurin da ke da AAS mai murhun girafait ko ICP-MS, na'urorin da ke iya gano ɗan ƙaramin adadin dalma irin wannan. Ki ɗiga wa samfuranki asid na naitirik tun a bakin rijiya har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, ki raka su da kanki, ki kuma karɓi takardar daidaita na'ura ta ranar da aka yi awon. Sannan ki saka kwalba ɗaya ta tataccen ruwa a cikin jerin ba tare da kin faɗa wa kowa ba, ki raba ruwan rijiya ɗaya gida biyu da lambobi daban. Idan tataccen ruwan ya fito da dalma, ko tagwayen suka saɓa sosai, ki ƙi karɓar sakamakon gaba ɗaya.