Tambaya da Amsa: Gyaran Cibiyar Taya a Motocin Tsere na Katako

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan tseren 'yan motocin katako da ƙananan 'yan sikawut ke yi a Amurka, wanda ake kira Pinewood Derby. Don Murphy ne ya fara shirya shi a 1953 a Manhattan Beach ta jihar Kalifoniya. Ana bai wa yaro guntun katako, ƙusoshi huɗu da tayoyin roba huɗu, ya sassaƙa mota mai tsawon inci 7 wadda nauyinta bai wuce oza 5 ba, wato kusan giram 142. Babu inji. Daga kan gangara ake sakin motocin, nauyinsu ne kaɗai ke tura su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, ɗana zai shiga wannan tsere. An ce mini in fiƙe cibiyar tayoyin. Mene ne amfanin haka, kuma yaya ake yi? (Wani uba daga Hustin)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa komai, karɓi takardar dokokin rukunin da yaron yake ciki ka karanta. Kowane rukuni da nasa dokokin. Wasu sun yarda a goge taya kawai, wasu sun yarda a fiƙe cibiya, wasu kuwa ko ɗan kankara suka gani a jiki sai su hana motar shiga.

Cibiya ita ce ɗan bututun tsakiyar taya da ƙusa ke ratsawa. Wurare uku take guga: bakinta na ciki yana taɓa jikin mota, bakinta na waje yana taɓa kan ƙusa, raminta kuma yana juyawa a kan ƙusar. Tunda motar ba ta da inji, duk ƙarfin da guga ta cinye ya tafi ke nan.

Dalilin fiƙewa kuwa, tuna katantanwa. Tana daɗewa tana juyi ne saboda a kan tsini take tsaye. Idan bakin cibiya shimfiɗaɗɗe ne, har gefensa na waje yana gugar katako, kuma duk gugar da ta yi nisa da tsakiya ta fi ƙarfin tsayar da taya. In aka ɗan zaftare gefen, sai wurin da ke kusa da ƙusa kaɗai ya riƙa taɓawa.

Duba tayoyin naka tukuna. Waɗanda ake sayarwa a akwatin sikawut tun daga 2009 suna zuwa da bakin ciki a ɗan fiƙe, don haka sumulcewa kawai suke buƙata. Idan naka shimfiɗaɗɗu ne, ga yadda za ka yi. Sami guntun katako mai santsi, ka kafa ƙusa guda a tsaye a jikinsa. Huda sanfefa mai lamba 600 ka zura ta a ƙusar, ka ɗiga ruwa, ka ɗora tayar bakin ciki yana ƙasa, ka juya da hannu sau biyar ko shida ba tare da dannawa ba. Wannan zai daidaita bakin. Don fiƙewa, sai ka yi ɗan kwarmi mara zurfi a katakon kewaye da ƙusar, ka lotsa sanfefar ciki, ka sake juyawa kamar sau goma. Tsaya ka duba bayan kowane juyi uku. Abin da ake so shi ne ɗan siririn zobe shimfiɗaɗɗe ya rage kewaye da ramin. Kada ka fiƙe shi kamar bakin fensir: katakon mai laushi ne, tsinin zai haƙa rami a jikin motar ya riƙa maƙalewa. Ka gama da lamba 1000, sannan 2000.

Mutane da yawa suna mantawa da ɗaya ɓangaren. Jikin motar da cibiyar ke taɓawa shi ma a goge shi sumul, kada a bar fenti mai danƙo a wurin, a murza masa garin girafat, wato irin baƙin da ke cikin fensir, har ya yi sheƙi.

TAMBAYA: Na goge cikin ramin tayoyin da injin huda, yanzu biyu daga ciki suna rawa a kan ƙusa, motar tana tangal-tangal. Akwai gyara? (Wani mai karatu)

AMSA: Malam, waɗannan biyun sun riga sun lalace, sai dai ka sayi wasu. Robar da aka cire ba ta dawowa, kuma cika ramin da gam ba zai ba ka da'ira sahihiya ba.

Ga abin da ya faru. Kaurin ƙusar ya kai kamar milimita 2.2, ramin kuma kamar 2.4. Tazarar 'yar kaɗan ce, to da zarar an ƙara faɗin ramin sai tayar ta sami wurin karkacewa. Abu biyu ke jawo haka. Na farko zafi: robar tayar ba ta jure shi, in injin ya yi gudu sai ta yi laushi, ramin ya buɗe ko ya zama kamar ƙwai. Na biyu maganin gogewa mai kaushi, irin na ƙarfe, wanda ke cin roba maimakon sumulce ta.

A sababbin, yi amfani da tsinken goge kunne mai jikin takarda. Yanke audugar, ka gwada shi a ramin. Ya shiga ba tare da tilas ba, domin in ya matse zai iya tsaga cibiyar. Ɗaura shi a injin, shafa ɗan maganin goge roba, ka kunna a mafi ƙarancin gudu, kana kai tayar gaba da baya na sakan biyar zuwa goma. Ya isa. Wanke da ruwa da sabulu, ka bari ta bushe sarai, domin ragowar maganin in ya ƙafe ya zama yashi. Ɗaga ramin ka leƙa ta haske, za ka ga yana ƙyalli. Daga nan sai ka zuba girafat, ka sa ƙusa, ka juya, ka ƙara, kamar sau biyar. Tayar da aka yi wa aiki mai kyau, in ka kaɗa ta da yatsa, takan kai sakan 20 tana juyi ba ƙara.

In za ka sayi sababbin, akwai 'yar lamba a cikin kowace taya mai nuna mazubin da aka ƙera ta. Sayi fiye da huɗu, ka juya su ɗaya bayan ɗaya, ka ware waɗanda ba sa rawa. A ganinmu wannan zaɓen ya fi rabin gyaran da mutane ke wahalar yi amfani.

TAMBAYA: Bakin waje fa? Na ga yana da ɗan mataki inda kan ƙusa ke zama. In kankare shi? (Wata uwa daga Marilan)

AMSA: Hajiya, ƙwararru suna cire shi da injin sassaƙa, amma rukunoni da yawa sun hana, kuma da hannu wuya ne ya fito daidai. Ki bar matakin, ki koma kan ƙusar, don a can matsalar ta fi yawa. Ƙarƙashin kanta akwai 'yan ƙayoyin ƙarfe da suka rage daga ƙira, su ne ke kartar cibiyar. Ɗaura ƙusar a injin huda, ki share su da ƙaramin magagari, ki ɗan zaftare gefen kan ta ƙasa don tsakiya kaɗai ya taɓa taya. Sai ki bi da jiƙaƙƙiyar sanfefa: 400, 600, 1000, 2000, kowace kamar sakan 15. Kada ki rage kaurin jikin ƙusar, in ba haka ba rawar da muka yi magana a sama za ta dawo.

Wannan aikin ya fi muhimmanci a tayoyin baya. Masu tsere sukan karkata ƙusoshin baya da kamar digiri 2.5, kan ƙusar ya ɗan ɗaga sama, ta yadda tayar za ta zame ta jingina da kan ƙusa, ta bar jikin katako. Goggen ƙarfe ya fi katako santsi nesa ba kusa ba. Lokacin kafawa, ki sa katin banki tsakanin cibiya da jikin motar, ki tura ƙusar har ta taɓa, ki zare katin. Kaurinsa, kusan milimita 0.8, shi ne tazarar da ta dace. Sassan da ba na inji ba, kamar juya taya a kan sanfefa da zuba girafat, ki bar yaron ya yi da hannunsa, tseren nasa ne.

TAMBAYA: Man keken ɗinki ba zai fi girafat ba?

AMSA: A'a. Yawancin rukunoni busasshen gari kaɗai suka yarda da shi, saboda mai yana ɗiga ya ɓata hanyar tseren. Wasu mayukan kuma suna lalata robar a hankali, suna tara ƙura. In aka haɗa mai da girafat sai su cakuɗe su zama taɓo a cikin ramin, dole a cire tayar a wanke ta da sabulu a sake daga farko.