Tambayi Likita: Wai ƙyanda ma iri-iri ce?

Tambaya: Likita dan Allah yarona ya yi ƙyanda, ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗibi jininsa sun kuma goga auduga a maƙogwaronsa wai za a kai Abuja, me za su yi da shi? (Wata uwa daga Katsina)

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba shi lafiya. Jinin don a tabbatar ƙyandar ce ba wani ƙurji ba. Audugar kuwa ita ce mai dogon labari, daga jikinta ake ciro ƙwayar cutar a karanta wani ɗan yanki na ƙwayoyin halittarta mai harufa 450, nan take a gane daga wace zuriya ta fito, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan su mutum. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya na da babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja, kuma sakamakon irin wannan gwaji yana shiga rumbun bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), to da haka ake sanin ko cutar tana yawo ne a tsakaninmu ko wani matafiyi ne ya shigo da ita. Kanada ma a 2025 ta rasa matsayinta na ƙasar da ta kawar da ƙyanda, don an ga sarƙar yaɗuwa ɗaya ta wuce wata 12 ba ta katse ba.

Tambaya: Salam dakta, tunda iri-iri ce ashe rigakafin ba zai yi wa dukkansu ba kenan? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Zai yi, Malam. An san iri 24, amma a 'yan shekarun nan B3 da D8 kaɗai ake gani, B3 ɗin ita ta fi yawa a Afirka. Bambancinsu a ɗakin gwaji ne, garkuwar jiki duk abu ɗaya take ganinsu. Allura biyu na kare kusan kashi 97 cikin 100, a Najeriya ana yin ta farko a wata 9 ta biyu a wata 15, kuma gaskiya wannan ta biyun ce iyaye suka fi mantawa da ita.

Tambaya: 'Yata ta yi zazzaɓi da ƙuraje bayan kwana goma da allura, ko allurar ce ta sa mata ƙyanda?

Amsa: Yana faruwa ga wasu yara, ɗan zazzaɓi da ƙuraje su wuce da kansu, kuma ba ta shafa wa kowa. In ana shakka gwajin nan ne ke raba gardama, domin ƙwayar allura 'yar rukunin A ce, wadda ba ta cikin masu yawo a gari. Amma fa in kin ga tari, jan ido ko numfashi sama-sama kar ki ɓoye ta a ɗaki ana jiƙe-jiƙe, ki kai ta asibiti a kwanakin farko na ƙurajen, lokacin ne audugar ta fi kama ƙwayar, kuma za a ba ta bitamin A saboda idonta.