Alwala da Salla a Kan Dutse Mai Dusar Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Glasgow. Mun shirya da abokaina za mu hau dutsen Ben Nevis da ke Scotland a watan Disamba, mu sauko a yinin. Sanyin wurin yana daskarar da ruwa. Yaya zan yi da alwala da salla? Tafiyar ma ta halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hawa dutse don motsa jiki ko kallon halittar Allah halal ne. Amma dutse mai tsayin mita 1,345 a tsakiyar hunturu ba wurin gwada jarumta ba ne. In masana yanayi sun yi gargaɗin guguwa, ko ba ku da kayan da suka dace da wanda ya san hanya, tafiyar ta haramta, domin Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka (Baƙara, 195).

Abin da zai warware maka rabin matsalar, ɗan'uwa, shi ne ka yi cikakkiyar alwala a masauki kafin ka sa safa da takalmi. In ta warware a hanya, sai ka wanke fuska da hannaye, ka shafi kai, ka shafa bisa takalmin ba tare da ka cire ba. Malikiyya sun sharɗanta huffin ya zama na fata, ya rufe idon sawu. Hanbaliyya sun yarda da safa mai kauri, kuma a irin halinka ba na ganin laifi ka bi su.

Dusar ƙanƙara in ta narke ruwa ce mai tsarki. Saboda haka mai ɗan risho a jaka, ko ruwan ɗumi a filas wanda ya wuce buƙatar shansa, ba shi da hanyar taimama. Wanki ɗaya-ɗaya ya wadatar. Amma in ka tuɓe safar hannu ka ji yatsu sun fara mutuwa, kana tsoron jiƙa su ya cutar da kai, yi taimama. Amru ɗan Asi ya yi haka a yaƙin Zatus Salasil cikin dare mai tsananin sanyi, har ya yi wa mutane limanci, ya kafa hujja da ayar "kada ku kashe kanku" (Nisa'i, 29). Annabi (SAW) ya yi dariya, bai ce masa komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito. Nemi dutsen da iska ta share ka buga hannu a kai. In ko'ina fari ne fat, Shehu Halilu ya ambaci dusar ƙanƙara a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, cikin abin da ake taimama da shi, duk da Shafi'iyya ba su yarda ba.

Yinin Disamba a can wajen awa bakwai ne kawai, La'asar na bin Azahar a guje. Tunda tsakanin Glasgow da Fort William, garin da ke gindin dutsen, ya haura kilomita 150, kai matafiyi ne: yi kasaru, ka haɗa sallolin biyu a inda ka sami mafaka daga iska. Tattake dusar har ta yi tauri, ka shimfiɗa riga yadda goshi zai tabbata. Magariba kuwa, jinkirta ta ka haɗa da Isha'i bayan kun sauko.

Wallahu a'alam.