Huɗu da Rabi: Me Ya Sa Dangi Ke Gaban Cancanta a Somaliya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina yawan bibiyar labaran Somaliya a rediyo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan addininsu ɗaya, harshensu ɗaya, amma an ce hatta kujerun majalisa da na ministoci da lissafin dangi ake raba su. Me ya hana su watsar da wannan su ɗauki wanda ya cancanta kawai? Ko dangantakar ce ta rusa ƙasar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Batun harshe ɗaya yana buƙatar ɗan gyara, domin manoman kudu da ke zaune tsakanin kogin Juba da kogin Shabelle suna da nasu karin harshen, Maay, wanda makiyayin arewa ba ya ganewa cikin sauƙi. Sauran abin da ka ji kuwa haka yake. Fahimtata ita ce, ɗan Somaliya yana riƙe da danginsa ne saboda babu gwamnatin da ta taɓa yi masa abin da dangin ke yi masa. Ɓarnar kuma tana zuwa ne daga inda aka ɗauki lissafin da aka ƙirƙira don kashe wutar yaƙi, aka mayar da shi ma'aunin ɗaukar akawu da jakada da hafsan soja.

Sai ka fara sanin aikin da dangi ke yi a can. Yaro yana tasowa da haddar sunayen kakanninsa ta wajen uba, wani har ashirin ko fiye. Manyan gidajen su ne Darod, Hawiye, Dir, Isaaq da Rahanweyn, wanda ake kira Digil da Mirifle, kowanne kuma ya rarrabu reshe bayan reshe. Amma wanda ke taɓa rayuwar mutum kullum shi ne ƙaramin rukunin da ke biyan diyya tare. Idan ɗayansu ya yi kisa, duk za su haɗa diyyar, wadda a al'ada raƙuma ɗari ce a kan namiji. Idan an kashe nasu, tare za su karɓa. Dattawa ne ke sasantawa bisa dokar gargajiya da suke kira xeer, ita ce ke tsara wa zai shayar da dabbobinsa a wace rijiya, wa zai yi kiwo a wace makiyaya. A ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, mutumin da ba shi da masu tsaya masa ba shi da rijiya, ba shi da kariya. Bayan rushewar gwamnati a 1991, wannan rukunin ne ya zama asibiti da ɗan sanda da banki. Su ke haɗa kuɗin magani, su ke karɓo wanda aka tsare a shingen 'yan bindiga, ta hanyarsu kuɗin 'yan'uwa da ke Landan ko Minnesota ke isa ƙauye. Wanda danginsa suka biya masa kuɗin jami'a, ranar da ya zama darakta ka san da me za su zo ƙofarsa. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ɗan'uwa rigar ƙaya: ka saka ta soke ka, ka tuɓe ka zauna tsirara.

An taɓa gwada abin da kake ba da shawara, har sau biyu, ta hanyoyi mabambanta.

Na farko shi ne Abdirizak Haji Hussein, wanda shugaba Aden Abdullah Osman ya naɗa firaminista a 1964, shekara huɗu bayan samun 'yanci. Taken gwamnatinsa shi ne ƙwarewa da riƙon amana. Ya zaɓi ministoci yana duba iliminsu, ya sallami manyan ma'aikata da dama da aka samu da rashin iya aiki ko cin hanci, har jar ambulan ɗin da ake kai takardar sallamar a ciki ta zama abin tsoro a ofisoshin Mogadishu. Majalisa ba ta ji daɗi ba, domin kowane wanda aka kora yana da ɗan majalisar da ke jin an taɓa gidansu. A 1967 Aden Abdullah ya sha kaye a hannun Abdirashid Ali Sharmarke, ya miƙa mulki lami lafiya, Abdirizak ya tafi tare da shi. Zaɓen Maris na 1969 ya nuna inda aka dosa: jam'iyyu sama da 60, 'yan takara kimanin 1,000, a kan kujeru 123. Yawancin jam'iyyun nan reshen dangi ne kawai aka laƙaba wa suna. Ana gama zaɓe kusan kowa ya tsallaka jam'iyya mai mulki don neman rabonsa, Abdirizak ya rage a ɓangaren adawa.

Na biyu shi ne Janar Mohamed Siad Barre, wanda ya ƙwace mulki ranar 21 ga Oktoba 1969, kwana shida bayan an harbe Sharmarke a Las Anod. Shi da ƙarfin doka ya zo. Ya haramta tambayar mutum danginsa, ya soke biyan diyya ta dangi, aka yi gumakan ƙabilanci aka ƙona wasu aka binne wasu a bainar jama'a. Ba za a hana shi abin da ya yi na alheri a farko ba, musamman rubuta harshen Somaliya da boko a 1972 da yaƙi da jahilci da ya biyo baya. Sai dai a bayan fage mulkinsa ya jingina ne a kan rassa uku na gidan Darod: Marehan na mahaifinsa, Ogaden na mahaifiyarsa, da Dhulbahante na surukinsa wanda ya riƙe hukumar leƙen asiri. Bayan shan kashi a yaƙin Ogaden da Habasha a 1978, da yunƙurin juyin mulkin da wasu hafsoshi, galibinsu Majeerteen, wani reshen Darod, suka yi a shekarar, sai ya koma hukunta dangi gaba ɗaya a kan laifin 'yan kaɗan. A 1988 jiragen yaƙin gwamnati suka ragargaza Hargeisa, birnin Isaaq. Darasin da ɗan Somaliya ya ɗauka daga wannan mai ɗaci ne: duk wanda ya hau mumbari yana cewa a manta da dangi, a duba da kyau, wataƙila danginsa yake share wa hanya. Har yau wannan zargin yana bin duk wani mai kiran cancanta.

Kuma kada ka ɗauka rigimar tana tsayawa tsakanin manyan gidaje. Da Barre ya gudu a Janairun 1991, waɗanda suka raba Mogadishu biyu suka yi ta luguden wuta, Ali Mahdi Mohamed da Janar Mohamed Farah Aidid, duk Hawiye ne, ɗaya Abgaal ɗaya Habar Gidir.

Daga wannan toka aka haifi tsarin da ake kira 4.5. An yi amfani da shi a taron sulhu na Arta a Jibuti a 2000, aka ƙara tabbatar da shi a taron Kenya da ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya a 2004. Majalisar wakilai tana da kujeru 275. Darod, Hawiye, Dir da Rahanweyn kowanne yana da 61, a wannan lissafin an saka Isaaq cikin Dir. Sauran 31 kuma na duk ƙananan al'ummomi ne a haɗe, su ne rabin. Al'ada ta ƙara da cewa shugaban ƙasa da firaminista ba za su fito gida ɗaya ba, a aikace Hawiye da Darod ke musayarsu, kakakin majalisa kuma daga Rahanweyn. Jama'a ba su ke zaɓen 'yan majalisa ba. A 2012 dattawa 135 ne suka zaɓe su. A 2016 aka faɗaɗa zuwa wakilai 14,025, wato 51 a kan kowace kujera. Su kuma 'yan majalisar, tare da 54 na majalisar dattawa, su ke zaɓen shugaban ƙasa a harabar filin jirgin saman Mogadishu ƙarƙashin tsaro mai tsanani. Haka aka zaɓi Mohamed Abdullahi Farmajo a 2017, haka Hassan Sheikh Mohamud ya dawo a Mayun 2022.

Ni ba na cikin masu la'antar wannan tsari ɗungurungum. Mutanen da suka shafe shekara goma suna kashe juna ba za su zauna zaure ɗaya ba sai kowa ya san kasonsa tun kafin ya shiga. Ya yi wannan aikin, kuma a ƙarƙashinsa shugabanni masu ci sun faɗi zaɓe sun sauka, abin da ƙasashe da dama masu zaman lafiya ba su iya ba. Najeriya ma ta saka rabon muƙamai tsakanin jihohi a tsarin mulkinta tun 1979 saboda irin wannan tsoron, sai dai a nan talaka yana da ƙuri'arsa.

Inda nake jin zafin abin shi ne malalarsa. Lissafin da aka yi domin majalisa ya bi ta majalisar ministoci, ya shiga ofisoshin jakadanci, kwamitoci, manyan sakatarori, har guraben karatu a waje. Kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kowane gida a Somaliya yana da likitoci da injiniyoyi da masana lissafin kuɗi, da yawa sun yi karatu a manyan jami'o'in duniya. Da za a ce wa kowane gida ya kawo gwaninsa, da kason bai hana cancanta ba. Amma kujerar takan zama mallakin wani ƙaramin reshe, dattijo ɗaya ko biyu ke da bakin magana a kanta, kuma sayen ƙuri'un wakilai a zaɓukan 2016 da wanda ya biyo baya abu ne da aka yi ta bayar da rahotonsa a fili. Saboda haka wanda ke samun kujerar sau da yawa shi ne mai kuɗi ko mai bindiga a cikin dangin, gwanin dangin kuma yana gefe yana kallo. Minista kuwa ya san ba aikinsa ya kawo shi ba, ba kuma rashin aiki zai kore shi ba, tunda korarsa za a ɗauke ta cin fuska ga gida guda. A 2023 duniya ta ga ƙaramin misali a gasar jami'o'i ta Chengdu a China, inda aka tura wata budurwa da ba 'yar tsere ba ta wakilci ƙasar a gudun mita 100, ta ɗauki sama da daƙiƙa 21. Aka dakatar da shugabar hukumar guje-guje bisa zargin fifita nata. Wannan kyamara ta kama shi. Irinsa a ma'aikatar lafiya ko ta ruwa babu mai gani sai waɗanda suka rasa 'ya'yansu.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne mutanen rabin nan. Akwai Bantu, manoman bakin kogi da ake kira Jareer. Akwai Benadiri da mutanen Barawa da Bajuni na bakin teku. Akwai masu sana'o'in gado irin su Tumaal maƙera, da Gabooye da Yibir, waɗanda har aure manyan gidaje ke ƙyamar haɗawa da su. Tsarin mulki na iya cewa kowa daidai yake, amma lissafin kujeru yana gaya wa yaron Tumaal cewa shi da sauran irinsa duka rabin gida ɗaya ne, komai iliminsa. Yunwar 2011 da ta kashe mutum kimanin 260,000, rabinsu ƙananan yara, ta fi yin ta'adi a kudu tsakanin Rahanweyn da Bantu, mutanen da ba su da 'yan'uwa da yawa a Turai masu aiko kuɗi, ba su da manya a inda ake rabon agaji. Mata ma tsarin ya danne su, domin dattawa suna ganin 'ya mace rabinta na gidan mijinta ne. An yi alkawarin ba su kashi 30 cikin ɗari na kujeru, a 2016 suka samu kusan 24, a zaɓen da ya biyo baya adadin ya ragu.

Somaliland, wadda ta ayyana ɓallewa a 1991, ta bi wata hanyar. A taron Borama na 1993 ta ba dattawan dangi zaure nasu, Guurti, sannan daga baya ta taƙaita jam'iyyun ƙasa zuwa uku don kada kowane reshe ya kafa tasa, ta kuma ba jama'a ƙuri'a. Sakamakon haka Dahir Riyale Kahin, wanda Gadabuursi ne ba Isaaq masu rinjaye ba, ya gaji Mohamed Ibrahim Egal a 2002, ya ci zaɓen 2003 da ratar ƙuri'u 80 kacal, abokin takararsa kuma ya haƙura. Amma ƙuri'ar ba ta kashe dangantaka ba. Har yanzu ana iya hasashen yadda gari zai yi zaɓe daga sanin wa ke zaune a cikinsa, Guurti ba a taɓa zaɓenta ba, kuma yaƙin Las Anod na 2023 ya nuna Dhulbahante, mutanen garin, da yawansu ba su ɗauki Somaliland gidansu ba. Shi ya sa ba na tsammanin zaɓen kai tsaye da gwamnatin Hassan Sheikh ke turawa zai warware matsalar shi kaɗai. Gyaran tsarin mulkin da majalisa ta yi a Maris na 2024 ma sai da ya sa Puntland, jihar da ke arewa maso gabashin ƙasar, ta janye amincewarta da hukumomin tarayya.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a bar kason a inda ake wakilci, a kafa masa shinge a inda ake buƙatar gwaninta: babban banki, ofishin mai binciken kuɗi, alƙalai, asibitoci, kwamandojin soja. An ga alamar hakan a rundunar Danab da Amurka ta horar, wadda aka ɗebi dakarunta daga gidaje dabam-dabam, ta kuma fi sauran rundunonin suna a fagen daga. 'Yan kasuwa ma sun daɗe da ganewa, kamfanonin sadarwa da na aika kuɗi ba sa damƙa na'urorinsu ga wanda bai iya ba don kawai ɗan baffa ne.

A cikin waɗannan duka kotu ce ta fi gaggawa. Yau a Mogadishu akwai mutanen da idan aka ƙwace musu fili suke fita bayan gari su kai ƙara kotunan Al-Shabaab, duk da sanin irin ta'asar ƙungiyar, saboda suna ganin a can ba a fara tambayar gidansu ko nauyin aljihunsu ba, kuma hukuncin da aka yanke ana zartar da shi. Ƙungiyar ta daɗe tana amfani da wannan ɓacin rai wajen jan matasan ƙananan al'ummomi. Ranar da manomin Jareer zai kai ɗan babban gida ƙara a kotun gwamnati, ya yi nasara, kuma 'yan sanda su mayar masa da gonarsa, ranar ce zai fara yarda a ɗauki ma'aikaci da jarrabawa ba tare da ya tambayi ɗan wane ne ba.