Littafin mijin da ya bi sawun matarsa har Belize: ki ci gaba ko ki mayar?

Wa alaikumus salam, Malama. Tun daren jiya na ga tambayarki, na ce bari sai na samu natsuwa, don amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Kin ce an ba ki aron The Dog of the South na Charles Portis, kin kai shafi arba'in, wasu sun ce miki za ki yi dariya har cikinki ya ƙulle, wasu sun ce ɓata lokaci ne kawai. Ke kuma abin da ya tsaya miki a rai shi ne yadda matar aure za ta gudu ta bar mijinta, marubuci ya ɗauki abin ya mai da shi abin raha. Kina so ki san ko ki ci gaba ko ki mayar wa mai shi.

Sau biyu na karanta littafin nan, tsakani shekara shida, kuma wanda ya karanta na farko da wanda ya karanta na biyu ba su yarda da juna ba. Zan gaya miki dalili, amma sai na ɗan taɓa ƙarshen labarin, don haka idan ba kya son a ɓata miki, ki tsaya a nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba: a 1979 ya fito. Portis mutumin jihar Arkansas ne a kudancin Amurka, an haife shi a 1933, ya rasu a 2020. Ya yi aikin soja a yaƙin Koriya, ya yi aikin jarida har ya zama shugaban ofishin New York Herald Tribune a Landan, sai ya ajiye aikin a 1964 ya koma gida ya kama rubutun ƙagaggun labarai. Biyar kacal ya rubuta duk rayuwarsa, kuma True Grit na 1968 shi ne wanda duniya ta sani, saboda an yi fim ɗinsa har sau biyu, a 1969 da 2010. Wannan namu kuwa ya daɗe ba ya kasuwa, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka sake buga shi bayan wasu marubuta sun yi ta kururuta shi.

Mai ba da labarin shi ne mijin, Ray Midge, ɗan shekara 26, mazaunin garin Little Rock a Arkansas. Ya bar aikin gyaran rubutu a gidan jarida ya koma makaranta, mahaifinsa ke ɗaukar nauyinsa. Matarsa Norma ta gudu da tsohon mijinta, Guy Dupree, wanda ake tuhuma da aika wa shugaban ƙasa wasiƙun barazana, yana kan beli. Sun tafi da motar Ray ƙirar Ford Torino, da katunansa na bashi, da wani kaset na lacca kan kewaye garin Vicksburg da aka yi a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka. Suka bar masa akwalar Dupree, Buick ta 1963, mai rami a ƙasanta. Shi kuma gogan naka bai yi kuka ba, bai kai ƙara wajen iyayenta ba. Zama ya yi yana jiran takardun bashin katin su iso, don ya jera su ya ga ta ina suka bi.

To a nan masu karatu ke rabuwa, kuma na ga rabuwar da idona a cikin mutanen da na ba aron littafin.

Ƙanwata ta dawo min da shi bayan kwana uku. Ta ce Yaya, wannan mutumin ba ya son matarsa, motarsa yake so, kuma an hana Norma magana gaba ɗaya, sai ka kusa ƙarshe kafin ka ji muryarta. Ta yi gaskiya a duka biyun. Wani abokina malamin Turanci ya ce babu labari a ciki, tafiya ce kawai da surutu, an shiga Meziko an fita an shiga British Honduras, wato ƙasar Belize ta yau, kowa aka haɗu da shi sai ya buɗe baki ya yi ta zuba. Shi ma bai yi ƙarya ba. Wani abokin aikinmu kuma ya kira ni ƙarfe sha ɗaya na dare yana dariya har yana tari, yana so ya karanta min wani shafi ta waya. A karatuna na farko ina ɓangaren malamin Turanci. Na yi murmushi a wurare, na gama, na ajiye, na ce Turawa da abin dariyarsu sai su.

Sai maman yarana ta yi yaji.

Ranar Alhamis ce, na dawo daga aiki na tarar da ƙofa a kulle, makulli a wajen maƙwabta. Ta tafi da ƙaramar 'yarmu. Ba mu yi faɗa ba a ranar, ko jiyanta, shi ya sa na tsaya a tsakar gida ina ta neman laifina ban gani ba. Abin da nake jin kunyar faɗa, amma tunda ba ki san fuskata ba zan faɗa, shi ne abu na farko da na duba: katin ATM na asusun cefane. Babu shi a cikin durowa. Na zauna a kan kujera riƙe da waya ina jiran alat. Ya shigo, an cire kuɗi a POS kusa da tashar Kawo. Bayan awa biyu wani ya shigo daga Zariya. Na ce to, gidansu ta nufa. Har na ɗauki biro na rubuta abin da aka cire da cajin mai POS, na haɗa jimla. Sai da na idar da sallar isha'i na tuna ban kira ta ba.

Kwana tara ta yi. Ran da za mu je biko da kawuna, na ɗauki littafin da nake rubuta kuɗin gida a ciki, don a ganina hujjata ke nan: ga shinkafa, ga kuɗin makaranta, ga atamfar sallah, ga kuɗin asibiti, kowanne da kwanan watansa. A zaure surukina ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Gwaggonta ce daga bayan labule ta ce, "Malam, babu wanda ya ce ka bar ta da yunwa. Wata takwas tana roƙonka ka kai ta Funtuwa ta ga yayarta da ta haihu, kana cewa sai an canza tayoyin mota." Wallahi Malama, na san ranar da na yi juyen baƙin mai na ƙarshe da adadin kilomitar da ke kan mita, amma wannan roƙon sai da aka faɗa sannan ya dawo min, kamar maganar da na ji a rediyo. Kawuna ya kalli littafin da ke hannuna, ya kalle ni, ya ce a hankali, "Mai da shi aljihu."

Bayan ta dawo da wasu watanni na ci karo da littafin Portis ina gyaran kantar littattafai, na buɗe shafin farko a tsaye. Ban zauna ba sai da na ci shafi ashirin. Wannan karon na yi dariya sosai, irin wadda mutum ke yi yana waige kada a gan shi.

Abin da na gane shi ne marubucin bai taɓa yi wa gudun Norma dariya ba. Ray ake yi wa, kuma da bakinsa yake tona kansa bai sani ba. Mutum ne da ya san tarihin yaƙe-yaƙe, ya san yadda ake kula da inji, yana gyara wa mutane kuskuren magana, ba ya barin ƙaramin abu ya wuce bai yi sharhi a kai ba, amma matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita ta gaji da shi bai lura ba. Yana ba ki labari yana ganin shi ne mai hankali a cikin mahaukata, ke kuma kina karantawa kina gane dalilin da ya sa ta tattara. Shi ya sa shirun Norma da ya ɓata wa ƙanwata rai yanzu nake ganin da gangan ne. Ba kya jin ta saboda wanda ke riƙe da labarin bai taɓa jin ta ba. Na gaya wa ƙanwata haka, ta ce ta ji, amma duk da haka an cuci Norma, da an ba ta ko babi ɗaya. Ban iya musa mata ba.

Sai dai kada mu haɗa abin da bai haɗu ba. Abin da Norma ta yi ba yaji ba ne. Mai yaji gidan iyayenta take zuwa, kowa ya san inda take, akwai manya, akwai biko, akwai zaure da za a zauna a ciki. Norma da aurenta ta bi wani namiji ta ƙetare ƙasa, kuma a wajenmu wannan babban al'amari ne ta fuskar addini da ta dangi. A littafin babu wanda ya ɗauke shi da wannan nauyin, kuma babu wani babba da ya shiga tsakani. Mutum ɗaya da ya bi sawunsu ban da Ray shi ne Jack Wilkie, wanda ya tsaya wa Dupree beli, shi ma kuɗinsa yake bi. Idan wannan sakacin ne yake ƙona miki rai, ba zai ragu ba a gaba, gara ki sani tun yanzu.

Shafi arba'in kuma bai isa a yanke hukunci ba, don ba ki haɗu da Dakta Reo Symes ba tukuna. A garin San Miguel de Allende na Meziko Ray zai tsince shi, likita ne da aka ƙwace wa lasisi, yana zaune da wata tsohuwar bas da ta lalace. Sunan bas ɗin ne sunan littafin, wato Karen Kudu, don haka kada ki jira wani kare. Symes na so a rage masa hanya zuwa Belize, inda tsohuwarsa ke riƙe da wani ɗan coci ita da ƙawarta Melba, kuma ba kewar uwa ke kai shi ba. Tana da wani tsibiri a Louisiana, shi yake so ta sakar masa ya yi kasuwanci da shi, kuma kowane 'yan mintoci sai ya sake shawarar abin da zai gina a kai. Yana da wani marubucin littafin dabarun talla, John Selmer Dix, wanda a wajensa duk marubutan duniya shara ne in an gwada da shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin mutumin nan a motar haya daga Kaduna zuwa Legas, mai kwangilar da kullum saura sa hannu ɗaya ta fito, zai gane shi nan take. A wajena hirarsu a cikin Buick ita ce zuciyar littafin.

Inda ya gaza ma zan faɗa. Bayan sun isa Belize labarin ya yi sanyi, ana ta kewaye wuri ɗaya, sabbin mutane na shigowa suna fita, har guguwar teku ta zo ta tattara komai da ƙarfin tsiya. Akwai kuma bakin Turawan kudancin Amurka na wancan zamani a kan baƙaƙen fata, musamman daga Symes. Marubucin yana nuna jahilcin masu maganar ne, na yarda, amma ni baƙin mutum ne, akwai layukan da na karanta na ajiye littafin na ɗan sha iska. Sannan barkwancinsa busasshe ne, ba ya ɗaga murya, ba ya nuna miki inda za ki yi dariya. Idan kina karantawa da sauri don ki ga ko zai same ta, za ki wuce ta kan abin dariyar ba ki gan shi ba. Na gwada fassara wa wani mutum shafi ɗaya da Hausa, ya kalle ni yana jiran in kai wajen.

Shawarata ki ci gaba har ki yi shafi ashirin tare da Symes. Idan har lokacin ko murmushi bai zo ba, ki mayar wa mai shi da godiya, ba ki yi asarar komai ba.

Ƙarshen kuwa, Ray ya samu Norma kwance a asibiti a Belize, ya dawo da ita gida. Ba a daɗe ba ta tafi Memphis, ta samu aiki da ɗakinta a can. Daga Little Rock zuwa Memphis mil 130 ne, bai kai Kaduna zuwa Kano ba, kuma mutumin da ya ratsa Meziko gaba ɗayanta a akwala bai bi ta ba wannan karon. Abokina malamin Turanci ya ce wannan ya nuna duk tafiyar banza ce. Ni kuma na ba maman yarana labarin tun daga farko wata rana da dare tana tsince shinkafa, har na kai nan. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "To motar fa, ya samu abarsa?" Na ce ya same ta amma ta riga ta lalace. Ta ce, "Allah sarki," ta miƙo min tiren ta ce in riƙe mata.