Skyrim Yana Rufe Kansa a Ƙofar Whiterun: In Ƙara RAM Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Oga. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Agege. Wata uku ke nan da na sayi laftof na hannu mai RAM GB 16 da katin hoto GTX 1650. Na sa wasan Skyrim, tsohon nan na 2011, na zuba masa mod, wato ƙarin gyare-gyaren da masu wasa ke ƙerawa don sauya wasan, kusan 80, galibinsu na gyaran hoto: duwatsu, itatuwa, ruwa, fuskoki, duk na 4K, har da ENB mai gyara haske da launin hoto. Gaskiya ya yi kyau ba kaɗan ba. Amma da na doshi garin Whiterun na cikin wasan sai wasan ya rufe kansa, in tsinci kaina a fuskar Windows, ba saƙo ba komai. Wani lokacin kuma ya maƙale a wajen lodi, hayaƙin nan yana ta tashi, ba gaba ba baya. Wanda ya sayar mini da laftof ɗin ya ce RAM ne ya yi kaɗan, in kawo kuɗi ya mayar da shi 32. Kafin in taɓa kuɗin makaranta na ce bari in tambaya.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Bar kuɗin makarantarka inda suke. Ko 64 aka mayar maka da RAM ɗin, a nan ƙofar Whiterun wasan zai ci gaba da kifewa, domin GB 16 da kake da shi ma bai taɓa cin rabinsa ba.

Skyrim da kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011 manhaja ce mai bit 32. Duk manhajar da aka gina a haka ba ta iya ganin RAM fiye da GB 4, ko nawa ke cikin na'urar. Da farko ma GB 2 kawai wasan yake iya amfani da shi, sai a Disambar 2011 ɗin aka yi masa gyaran da ya kai shi 4, kuma a aikace da ya haura 3 da ɗoriya yake fara tangaɗi. Ka taɓa tsayawa a Mile 12 ana sauke albasa? Tirela ta zo maƙil daga Arewa, amma ɗan dako amalankensa guda ne. Ka kawo tirela biyu, amalanken bai ƙara faɗi ba. RAM ɗinka shi ne tirelar, wasan kuwa amalanken. Mai sayar da RAM yana so ya ƙaro maka tirela.

To me ke cika amalanken? Fatun nan naka na 4K, wato hotunan da ake lulluɓe kowane dutse da kowace ƙofa da su. Tsohon Skyrim da DirectX 9 yake aiki, wato hanyar da wasa ke magana da katin hoto, kuma duk fatar da aka tura wa katin hoto sai an bar kwafinta a ɓangaren wasan na RAM. Mu yi lissafi. Fata ɗaya ta 4K ɗigo 4096 ce sau 4096. In ba a matse ta ba, MB 64 ce. In an matse ta yadda aka saba, MB 16, da ƙananan kwafinta da ake nunawa daga nesa ta kai 21. Ta 2K kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na wannan take ci, MB 5 da 'yan kai. Kuma abu ɗaya ba fata ɗaya yake sawa ba: akwai ta launi, akwai wadda ke nuna gargada da santsi. Yanzu ka tuna abin da ke gaban Whiterun: ganuwa, gonaki, bargar dawakai, masu gadi kowa da sulkensa, ga filin nan da ba ya ƙarewa. Wasan yana ɗauko murabba'i 25 na ƙasar da ke kewaye da kai a lokaci guda, biyar sau biyar. Nan ne amalanken ke karyewa.

Maƙalewar da kake gani a wajen lodi kuma tana da nata dalilin. Wasan yana ware wani yanki na MB 256 da yake jibge bayanan abubuwan da ke kusa da kai. Idan yankin ya cika, maimakon ya buɗe wani lafiya lau, sau da yawa sai ya daskare ko ya fita. Wani mai ƙera mod da aka sani da Sheson ne ya gano wannan a farkon 2014, daga baya aka shigar da maganin cikin SKSE, manhajar da ke faɗaɗa abin da mod zai iya yi.

Ni dai in kai ne, da na bar tsohon gaba ɗaya na koma Special Edition. Ya fito a Oktoban 2016, bit 64 ne, da DirectX 11 yake aiki, ba ruwansa da katangar GB 4. A nan ne GB 16 ɗinka zai yi amfani. Yana kan Steam da GOG, shagunan sayar da wasanni na intanet, kuma ana yawan karya kuɗinsa lokacin rangwame, ko kusa bai kai kuɗin RAM ba. Ka tanadi data ta fiye da GB 12 kafin ma ka zo kan mod. In kana da tsarin dare, to aikin dare ne. Ka sani fa mod ɗin tsohon ba duka ke aiki a sabon ba, sai ka nemo na Special Edition ɗin a Nexus Mods. Kuma don Allah ka nemi na halas. Wanda ake kwafa wa mutane a filas a shagunan gefen titi, ba ka san lambar sigarsa ba, masu SKSE ba sa tallafa masa, in ya lalace babu mai iya taimakonka.

In kuwa halin aljihu bai ba da dama yanzu ba, tsohon ma yana gyaruwa. Sa SKSE, ka shiga foldar Data, ka buɗe wata folda mai suna SKSE, a ciki ka yi fayil mai suna skse.ini. A ƙarƙashin sashen Memory ka rubuta DefaultHeapInitialAllocMB=768, a layi na gaba ScrapHeapSizeMB=256. Daga nan da skse_loader.exe za ka riƙa tayar da wasan, in ba haka ba gyaran bai hau ba. Tunda kana da ENB, kana da ENBoost a cikinsa: buɗe enblocal.ini ka tabbata ReduceSystemMemoryUsage yana kan true. Shi ne ke kwashe kwafin fatun nan ya miƙa wa wata manhaja daban, enbhost.exe, wato ka ɗauko wa ɗan dako mataimaki. Ƙara da Crash Fixes da kuma Unofficial Patch, mod biyu masu gyara kurakuran wasan. Wannan kaɗai yakan kashe yawancin faɗuwar Whiterun.

Amma ko wanne ka zaɓa, akwai wata katangar da ba ta motsi: katinka GTX 1650 GB 4 ne nasa ma'ajin, wanda ake kira VRAM, kuma shi ba a ƙara shi, a jikin allon laftof ɗin aka lanƙaya shi. Kwanaki wani yaro ya kawo mini irin na'urarka nan shago a Computer Village, yana rantsuwa aljanu ne a ciki. Na kunna MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin katin hoto, lambobi suka bayyana a kusurwar sikirin, muka taso daga ƙauyen Riverwood a ƙafa muka nufi Whiterun. VRAM yana kan 2.6, muka tsallake gada ya hau 3.2, muna hango ganuwar gari ya manne a ƙarshen ma'auni, hoto ya fara tsalle kamar motar da ta shiga gargadar Oshodi. Na buɗe jerin mod ɗinsa, sai ga fatar 4K ta cokula da kwanuka da kabeji. Na ce masa, sau nawa ka tsaya kallon kabeji? Shi kansa dariya ya yi. Muka mayar da ƙasa da duwatsu da gine-gine 2K, ƙananan tarkace 1K. A sikirin mai inci 15 da ɗigo 1920 sau 1080, ya kasa nuna mini bambanci.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, kyan Skyrim ba daga yawan ɗigo yake fitowa ba, daga haske ne da yanayin sama da siffar abubuwa. Mod ɗaya na yanayi, ɗaya na hasken cikin ɗaki, ɗaya na ruwa, sai SMIM da ke gyara siffar sarƙoƙi da ganguna da igiyoyi, za su canza maka wasan fiye da fatu hamsin. ENB yana da kyau, ba musu, Boris Vorontsov ya yi aiki, sai dai mai nauyinsa yana iya cinye kaso mai tsoka na gudun kati irin naka. A Special Edition na fi so ka gwada Community Shaders, ka kunna abin da katinka zai ɗauka kaɗai. Ciyawa mai kauri kuwa, yi hankali da ita, tana shan ƙarfin kati sosai. Kuma duk wanda ya ce ka ɗaga uGridsToLoad, saitin biyar sau biyar ɗin nan na ƙasar da wasan ke ɗaukowa, daga 5 zuwa 7 ko 9 don ka hango nesa, ka ce masa ka gode. Bakwai sau bakwai 49 ne, kusan ninki biyu na kayan da kake ɗauka yanzu, kuma ajiyar wasa (save) da aka yi a kan 7 ba ta son komawa 5. In nesa kake so ta yi kyau, DynDOLOD ne aikinsa, shi ma sai ƙarshe.

Mod 80 ɗin nan, ina zargin rana ɗaya ka zuba su. Sake daga farko. Fitar da wasan daga Program Files, ka yi amfani da Mod Organizer 2, wanda ke ajiye kowane mod a foldarsa ba tare da ya taɓa ainihin fayilolin wasan ba. In abu ya ɓaci sai ka cire alamar kusa da shi kawai. Ka sa manhajar LOOT ta jera maka su yadda ya kamata su hau, ka kuma karanta gargaɗin da take rubutawa da ja da rawaya. A Special Edition fara da SKSE64, Address Library, SSE Engine Fixes, Unofficial Patch da Crash Logger, wanda ke rubuta abin da wasan yake yi a daidai lokacin da ya faɗi. Sannan ka riƙa ƙara biyar-biyar, kowane zubi ka taka daga Riverwood zuwa Whiterun ka gani. Ranar da ya faɗi, ka san cikin biyar ɗin nan ɓarawon yake. Ka kuma ɗaure gudun hoto a 60 cikin daƙiƙa, don in ya wuce haka kwanuka kan fara tashi sama, keken dokin farkon wasa ma ya yi ta wuntsilawa, sai fa in ka sa SSE Display Tweaks.

Tsohuwar ajiyarka fa, ka yi mata addu'a. Mod mai rubutattun umarni yana barin saiwarsa a cikin ajiya ko bayan an cire shi. Fatu zalla kana iya cirewa ko yaushe, amma tunda garambawul za ka yi, sabon wasa za ka fara. Ka hana Steam sabunta wasan da kansa, domin SKSE da lambar siga yake tafiya, sabuntawa ɗaya tana iya tsayar maka da komai.

Saura abin da ya shafe mu nan Legas. Ka ce wasan ne kawai ke rufewa, Windows kuwa yana nan yana aiki, shi ya sa ban ɗora laifin a kan zafi ba. Ran da laftof ɗin ya mutu ɗungurungum, ko ya fara ja da baya bayan minti 20, to wannan zafi ne: a buɗe a kakkaɓe ƙurar fanka, a sauya man da ke kan furosesa, ka daina ɗora shi a kan katifa. In NEPA ta ɗauke wuta kuma, katin hoto yana rage gudu da kansa a kan batir, ba mod ne ya lalace ba. Yi sabuwar ajiya da hannunka, kada ka danne tsohuwa, ka rufe har a tayar da janareto.